Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Nake Shirya Jita Kafin Wasa

Shekara 19 ke nan ina kaɗa jita a garin nan na Accra, babban birnin Ghana, wanda tsofaffinmu na zango har gobe Ankara suke ce masa. A Nima aka haife ni, a nan na koyi kiɗa wurin wani dattijo da ya yi zamaninsa a ƙungiyoyin hailaif, a nan kuma nake da ɗan shagon da samari ke kawo mini jitocinsu in duba. Yawancinsu ranar wasan suke zuwa, da hantsi, jita a kafaɗa, gumi na zuba: "Maigida, ƙarfe huɗu muke da wasa a Madina, a taimaka a duba mini ita." Nakan duba, don ba a korar mai neman taimako. Amma ba wanda zai bar shagon sai na faɗa masa abin da nawa maigidan, Allah Ya jiƙansa, ya faɗa mini ran da ya same ni a bayan kanofi ina sauya tsirkiya, motar amarya kuwa ta riga ta shigo layi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ga yadda nake fafe nawa in wasa ya faɗo Asabar. In naka Lahadi ne, kamar yawancin auren zango, sai ka matsar da lissafin da kwana ɗaya.

Laraba nake sauya tsirkiyoyi. Sabuwar tsirkiya ba ta da natsuwa: tana miƙewa, naɗinta a jikin kunne, wato abin murɗawar da ake saita ta da shi, yana ƙara kamawa, sai ka saita ta yanzu, kafin a gama waƙa ɗaya ta sauko. Ta ƙarfe, in ana kaɗa ta, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta zauna. Ta nailan, irin wadda ake kiɗan babban yatsa da manuni da ita, salon da Koo Nimo na Kumasi ya yi suna a kai, mako guda cur take nema, wani lokaci har ya wuce. Saboda haka mai jitar nailan ya fara nasa lissafin tun daga Asabar ɗin da ta gabata.

Ta yaya za ka san tsirkiya ta mutu? Ka zura yatsa ta ƙarƙashinta, ka ja daga jaki zuwa wuya. In ka ji kaushi, ko yatsan ya fito da baƙi, ta gama aiki ko da daga sama tana ƙyalli. Jaki, ga wanda bai saba ba, shi ne wurin da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jita, sunan da masu garaya da molo suke kiran nasu ke nan, ni ma shi na riƙe. Mu nan tsirkiya ba ta tsawon rai. Garin bakin teku ne, iskar da ke tasowa ta Jamestown da Labadi da gishirinta take zuwa, ga laima, ga guminmu wanda shi ma gishiri ne. Abin da mai jita a ƙasar sanyi zai yi wata uku da shi, mai gumin hannu a nan sai ya ga tsatsa cikin mako biyu. Masu rufin roba a jiki, irin na Elixir, sun fi jurewa nesa ba kusa ba, sai dai tsada. Wajen saye kuwa ka buɗe ido, don jabu sun cika kasuwa, da kwali mai kyau da suna babba. Ka duba ledar ciki ko a like take, iska ba ta shiga. In ka buɗe ka ga ɗigon tsatsa tun ba a ɗaura ba, ka mayar. Araha ba ta ado, ballantana a gaban mutum ɗari uku.

Kada ka sauya kaurin tsirkiya ana gobe wasa. In ka saba da 9 zuwa 42, wato lambobin kaurin siririyar da mai kaurin, ka tsaya a kai. In 10 zuwa 46 ne, haka. Dalilin nauyi ne. Saitin 10 zuwa 46 a jitar lantarki yana jan wuya da nauyin kusan kilo 46, saitin 12 zuwa 53 na jitar katako kuma ya haura kilo 70. Ka ƙara kauri, wuya ya ranƙwafo. Ka rage, ya koma baya, duk saitin da aka yi wa jitar ya rushe. Wannan lissafin ne kuma ya sa ba a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan. Sau biyu aka kawo mini irin wannan, jakin ya ɓalle ya tafi da fatar katakon.

Ɗaya bayan ɗaya nake cirewa ina mayarwa, don kada wuya ya rasa nauyinsa gaba ɗaya, musamman a jita mai sandar lilo, wadda ake dannawa don girgiza sauti. Ka zura tsirkiya a ramin kunne, ka bar rarar da ta kai faɗin yatsu uku, sannan ka naɗe tana gangarowa ƙasa, zagaye na bin zagaye, ba mai hawa kan wani. Masu kauri zagaye 2 zuwa 3, sirara 4 zuwa 5. Naɗi mai yawa shi ke sa sauti ya riƙa zamewa. In jitar katako ce mai turaku a jaki, ka ɗan lanƙwasa gindin tsirkiyar kafin ka tura, don ƙwallon ya maƙale a jikin katakon ciki; in ya zauna a kan bakin turken, wata rana turken zai yi tsalle ya fita. Kafin tsirkiya ta kwanta a ramin ɗan ƙashin nan na saman wuya, ka goga bakin fensir a ramin. Baƙin fensir santsi gare shi. Wannan ƙarar "ƙyas" da kake ji in kana murɗa kunne, musamman a tsirkiya ta uku, G, alama ce ta maƙale a ramin, kuma ita ce za ta ci amanarka a tsakiyar waƙa. Bayan haka ka kama kowace a tsakiya, ka ɗaga ta a hankali kamar mai jan guga, ka sake saitawa, ka maimaita har sai ka ja ba ta sauka ba. Ka datse bakunan da filaya. Na taɓa ganin yaro ya soke fatar idonsa da irin wannan tsinin yana sunkuyawa ɗaukar waya, tun daga ranar ba na barin ko ɗaya.

Alhamis ranar wuya ce, kuma a nan nake so ka natsu, don nan ne aka fi ɓarna.

Jita katako ce, katako kuwa yana shan ruwan iska yana amayarwa. Masu ƙera ta sun fi so ta zauna a laimar kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Mu a damina, daga Afrilu zuwa Yuli, takan haura 80. A lokacin cikin jitar katako yakan kumbura, tsirkiyoyi su yi sama, yatsu su wahala. Hunturu ya shigo a Disamba, sai labari ya juya: katako ya tsuke, tsirkiya ta sauko tana zuza, bakunan ƙananan ƙarafan nan na wuya da muke ce wa firet su leƙo ta gefe suna kartar hannu. Namu hunturun na bakin teku mai sauƙi ne. Wanda aka gayyata wasa Tamale ko Bolga a Janairu shi zai ga aiki, don can jita kan tsage a dare ɗaya. In zan hau arewa a wannan lokaci, nakan jiƙa ɗan soso, in matse shi sosai, in sa a gidan sabulu mai huji, in ajiye cikin akwatin jitar. A damina kuma ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima, da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na waya, su nake tarawa in zuba.

Don auna wuya, ka saita jitar tsaf, ka matse firet na farko da kafo, abin da ake maƙalawa a wuya ya danne tsirkiyoyi duka, ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe, sannan ka leƙa tsakaninta da firet na 8. Ya kamata ka ga ɗan sarari kamar na milimita 0.25, wato kaurin takardar littafin rubutu uku a haɗe. In sararin ya yi yawa, wuya ya ranƙwafo, sai a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa da alanki, a murɗa yadda hannun agogo ke tafiya. In babu sarari sam, tsirkiya na kwance a kan firet tana zuza, sai a sassauta. Rubu'in zagaye kawai, ko rabin haka, sannan ka ajiye alankin ka je ka sha koko ka dawo, don katako ba ya amsawa nan take. In ka ji sandar ta cije, ka tsaya. Wallahi ka tsaya. Sandar nan in ta karye, gyaranta ya fi kuɗin jitoci da yawa da ke hannun samarinmu. Kuma ka tabbata alankin daidai ramin yake, don na jitocin Amurka ma'aunin inci ne, na Japan da Sin da Indonesiya kuwa galibi milimita. Wanda bai zauna daidai ba cinye ramin yake yi.

Tsayin tsirkiya daga firet na 12, a jitar lantarki nakan bar siririyar wajen milimita 1.6, mai kaurin wajen 2. Jitar katako a ɗan ƙara. Wannan kam hannu ne alƙali, mai dukan tsirkiya da ƙarfi ya ɗaga kaɗan.

Sai abin da ya fi damuna da jitocin da ake kawo mini: ka kaɗa a sake, ba ka danne ko'ina ba, ka ji daidai, ka hau saman wuya ka ji kamar ana faɗa. Kiɗanmu ba ya yafe wannan. Tun da makaɗan Kumasi Trio suka ɗauki fayafayansu a Landan a 1928 har zuwa yau, jitar ƙasar nan a fili take magana, tsirkiya bibbiyu suna tafiya tare, sau da yawa can sama da firet na 10, ba wani ƙugi da zai rufa maka asiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin ba wuya: ka saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 ka duba ma'aunin sauti. Harafi ɗaya ya kamata ya nuna, allura a tsakiya. In ta haura, ka ja ɗan sirdin tsirkiyar baya, nesa da wuya, don ta ƙara tsawo. In ta gaza, ka matso da shi gaba. Kowace murɗa ka sake saiti ka sake gwadawa. Da sabuwar tsirkiya ake wannan aiki, tsohuwa ƙarya take yi wa ma'auni, shi ya sa Laraba ta riga Alhamis. Kuma ka yi shi jitar na kan cinyarka yadda kake kaɗawa, don in tana kwance a tebur nauyin wuya yana sauya lissafi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake bin wayoyi. Notin ramin da waya ke shiga yakan kwance. Ka ɗaure shi kana riƙe da na ciki, don in ya juya tare zai tsinke siraran wayoyin da aka like da dalma. Ka murɗa maɓallan ƙara ka saurara: in suna ƙarar yashi, ƙura ce da tsatsa, a fesa musu maganin wanke kayan lantarki, kada a kusance su da man inji. Ka girgiza maƙalan maratayi. In sukurun yana juyawa a banza, ka cire, ka cusa tsinken ashana biyu da ɗigon gam na katako a ramin, ka mayar, kafin safiya ya kama kamar sabo. Jitar katako mai batir kuwa, sabon batir mai ƙarfin 9 nake sa mata kafin duk babban wasa, kuma ka sani muddin waya na soke a jikinta batir na ci, ko ana kiɗa ko ba a yi. Wayar jita daban, ta lasifika daban, ko da kawunansu iri ɗaya ne: ta jita tana da sulke a ciki mai tare hayaniya. Biyu nake ɗauka, kowace ba ta wuce mita 6 ba, don doguwar waya tana cinye kaifin sauti.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce. Wutar ƙasar nan 230 ce. Amfilifayar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka galibi ta 120 ce, in ka soka ta kai tsaye sai hayaƙi. Ka karanta bayanta, in ta 120 ce ka nemo taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfinta. Ni darasina a 2015 na ɗauke shi, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ta yi tsanani. Muna tsakiyar wasan aure a Mamobi aka ɗauke wuta, aka tada janareta ba tare da an kashe kayanmu ba, amfilifayar da na yi shekara biyu ina tara kuɗinta ta ƙone a gabana. Na zauna a kan akwatin na rasa abin cewa. Daga ranar, da wuta ta ɗauke hannuna na kan makunni, ba na kunnawa sai janareta ya daidaita muryarsa, kuma ba na fita ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce ta farkon kashewa.

Abin da ya fi asarar kaya shi ne rai. Fulogonmu mai ƙafa uku ne, doguwar ƙafar ta sama ita ce wayar ƙasa, ita ke kwashe wuta in ta ɓalle. A wuraren biki za ka ga an karya ta, ko an cusa tsirarar waya a soket an tokare da tsinken ashana. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya, saboda haka hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne ka zama hanya. Haka Leslie Harvey, wani mai jita ɗan Sikotilan, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea a 1972. Ka ɗauki testa a aljihu, ka taɓa kan makirfo da jikin amfilifaya kafin a fara. In ka ji ko ɗan tsikari a leɓe, kada ka ce za ka daure. Ka ajiye jita a kira mai wuta. Kada ka tsaya ba takalmi, balle in an yi ruwa ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin kanofi.

Gurnanin nan kuma da ke fitowa ko ba ka taɓa komai ba, na wutar gari ne da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisu mai naɗi ɗaya, na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, shi ke kwaso shi. In jitar lantarki irin Stratocaster ce, a yawancinsu matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓi suna kashe shi. Wani lokaci juya jiki kaɗan, ko matsawa daga doguwar fitila da cajar waya, ya wadatar.

Daren Juma'a nake haɗa jaka: saitin tsirkiya cikakke da ƙarin sirara biyu, filaya, alanki, ƙaramin sukudireba, batir, fis, salatif, farcen roba guda biyar ko shida, tsumma biyu, tocila. Farcen hannun hagu ma a daren nake yankewa.

Ranar wasa ba na gyara komai. In a turoturo, motar hayarmu, zan tafi, gara in biya kujera biyu da in miƙa wa yaron mota jita ya cusa a but tare da buhun doya ya ɗaure da igiya. In motar gida ce, ba na barinta ciki a rana. Motar da aka kulle zafinta kan kai digiri 60, a nan gam ke fara saki. Na isa wuri, nakan bar ta cikin akwati kamar minti 20 ta saba da iskar wurin. Wanda ya taɓa fitowa daga zafin titi ya shiga sanyin babban zauren wasanni na ƙasa, wanda aka buɗe a 1992, ya san abin da nake nufi: sanyi na tsuke ƙarfe sauti ya hau, fitilun dandamali su gasa shi ya sauko. Saboda haka sau uku nake saiti, da isowa, da bayan gwajin sauti, da dab da farawa. Kullum daga ƙasa ake hawowa. In ka zarce, ka sauko ƙasa da wurin ka sake hawa, don haƙoran kunne su kama. Ka duba ma'auninka yana kan 440, lambar da kowa ke saiti da ita, yara kan latsa shi ya koma wani wuri ba ka sani ba, ka kuma tambayi mai kibod ko ya ɗaga ko ya sauke nasa. In da mai goge a wasan, wannan lissafin a ajiye shi. Nakan je in durƙusa in ce, "Baba, a ba ni murya," ya ja izgarsa, ni in bi shi.

Hannu ma kayan aiki ne. Kada ka yi wanki ranar, ruwa na tausasa kantar yatsu, tsirkiya ta yanka. Bayan alwala ka bari hannu ya bushe sarai. Tsitsinga da wake da shinkafar biki kuwa a bari sai an tashi, in kuma yunwa ta matsa aka ci, a wanke hannu da sabulu, don mai da yaji in suka shiga naɗin tsirkiya sun kashe ta a daren.

Wajen gwajin sauti ka kaɗa da ƙarfin da za ka yi wasan, kada ka yi a hankali sannan ka ɓarke daga baya, mai injin sauti ya rasa yadda zai yi da kai. Ka gaishe shi da daraja, ka tambayi sunansa, shi ke riƙe da muryarka. Jitar katako in tana kuka a lasifika, murfin roba na ramin cikinta yana magani, ka kuma kauce wa fuskantar lasifikar. Wayarka ka zagayo da ita ta bayan maratayi kafin ka soka, don in wani mai liƙi ya taka ta kada ta fita. Lokacin hutu ka ɗora jitar a mazauninta a inuwa, kada ka jingina ta da amfilifaya ko kujerar roba, yaran unguwa na guje-guje.

In duk da haka tsirkiya ta tsinke, kada ka jefar da guntun. Ka duba inda ta rabu. A jaki ne, to akwai kaifi a sirdin da ke son a goge da lallausar takardar yashi. A kunne ne, bakin ramin ne. A tsakiya ne, tsatsa ce ko firet mai kaushi.

An tashi, kowa na neman mota, ni nakan zauna minti biyar. Tsumma ɗaya na tsirkiya, ina kama kowace ta sama da ƙasa in ja har ƙarshe, ɗayan na jiki da bayan wuya. In zare waya, in naɗe ta a sake ba a gwiwar hannu ba. Maratayin da ya sha gumi ba ya shiga akwati tare da jita, a wuyana nake rataya shi har Nima, in shanya a igiyar tsakar gida, akwatin kuma in bar shi a buɗe ƙarƙashin fanka zuwa asuba.